Rinin Renske da Tsohon Cokalinta

Duk wanda ya taɓa aiki da Renske Hoekema zai gaya maka abu biyu game da ita. Na farko, gaisuwarta ba ta wuce ɗaga gira. Na biyu, in abu ya yi kyau da wuri, nan take take fara zarginsa. Mu nan arewacin Holan dama ba mu cika yawan magana ba, amma Renske ko a cikinmu ta yi fice. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, gashinta ya yi fari tun ba ta kai hamsin ba, kuma ko ruwa ake zubawa, ko iska na neman tuge mutum daga kan hanya, a keke take zuwa aiki.

'Yar masu kiwon shanu ce daga wani ƙauye a lardin Friesland. Tana ƙarama ita ke taya mahaifiyarta kaɗa man shanu. In aka manta da man a buɗe har ya canza wari, uwar takan ce, "Iska ta cinye shi." Renske ta tambaya, wai me ke cikin iska da har yake da haƙori? Uwar ta ce ta rufe kwanon ta daina surutu. Ta rufe kwanon, amma tambayar ta zauna mata a rai.

Ba ta zama farfesa ba, ba ta ma nema ba. Aikin haɗa sinadarai ta koya, ta samu wuri a wani ɗakin gwaji na jami'a, ta share shekara talatin da ɗoriya a gaban teburi ɗaya. Masu neman digiri su zo, su yi ta fasa mata kwalabe, su karɓi takardarsu su tafi, ita tana nan.

Aikin ɗakin nasu farautar abin da ido ba ya gani ne. Da iskar oksijin jikin mutum yake ƙona abinci ya samu ƙarfi, kuma kamar kowane murhu, yana fitar da tartsatsi. Wasu gutsattsarin oksijin ne da suka ɓalle, marasa natsuwa, duk abin da suka taɓa sai sun yi masa lahani. In kaɗan ne jiki ya san yadda zai yi da su. In suka yi yawa sai su ci nama, kamar yadda suka ci man mahaifiyarta. Matsalar ita ce kafin ka ƙifta ido sun mutu, babu madubin da zai cim musu. Don haka sai a ɗana musu tarko: a haɗa wani rini da zai zauna shiru ba launi, sai tartsatsin ya taɓa shi sannan ya yi haske kore a ƙarƙashin madubin ganin ƙananan abubuwa. Faɗinsa ba wuya, yinsa ne aiki. Wani rinin da ya ga hasken fitila sai ya kama da kansa. Wani iskar ɗaki ma ta ishe shi. Wani kuwa ko ka jefa shi tsakiyar tartsatsin sai ya yi maka kunnen ƙashi.

Ba tun farko aikin ya shiga jininta haka ba. Ƙanwarta Jildau ce sanadi, mai sayar da furanni a kasuwar Asabar, mace mai dariya har da hawaye. Ƙodojin Jildau suka gaza tana tsakiyar ƙarfinta. Ta daɗe tana jira, aka samu ƙodar wani mamaci, likitoci suka juya ta suka duba suka ce lafiya lau, aka dasa mata. Ba a je ko'ina ba ƙodar ta mutu a cikinta. Masu wannan aiki sun san dalili. Ƙodar da ta daɗe a ajiye cikin ƙanƙara kafin dashe, in jini ya dawo mata, tartsatsin nan yakan tashi gaba ɗaya. Wata ta jure, wata ta ƙone daga ciki, kuma ido ba ya bambanta su. Tun daga nan Jildau ta koma wankin ƙoda. Renske kuma ta ƙulla abu ɗaya a ranta: kafin ta ajiye aiki sai ta haɗa rinin da za a zuba wa ƙoda tun tana kan teburi, ya faɗi gaskiya, wannan za ta rayu, wannan ba za ta rayu ba.

Lokaci kuwa ya fara ƙure mata. An riga an sa mata ranar ritaya, ƙarshen kaka. Ga hannunta na dama ya soma rawa, irin wadda in ta ɗauki kofi sai ta tallafa da ɗayan. Ba ta gaya wa kowa ba, kowa kuma ya gani ya yi kamar bai gani ba.

Cikin kayan aikinta akwai abu ɗaya da ba a taɓa mata, ɗan cokalin ƙarfe siriri mai tsawon fensir, wanda take ɗebo garin sinadari da shi. Tsohon da ya koya mata aiki ne ya bar mata ranar da zai tafi. Kowane mai haɗa sinadari yana da abin da hannunsa ya saba da shi, ita nata kenan. A aljihun farar rigarta yake zama, ka nemi aronsa ka sha harara.

Wata Talata da hantsi, lokacin da sanyi ya fara sakin gari, Harmen ya leƙo daga ɗakin madubi yana ƙwala mata kira. Harmen shi ke kula da madubin, abokin aikinta ne na shekara da shekaru, gajere mai tumbi, bakinsa ba ya hutawa.

"Ke 'yar madara! Ajiye abin nan ki zo!"

"In labarin ƙwallo ne, riƙe abinka."

"Haba, ki zo na ce!"

Ta shiga, ya ja labule. A kan allon na'urar ga yankin ƙodar tunkiya da suka karɓo daga mayanka, suka bar ta da gangan ta galabaita, sannan suka zuba mata sabon rinin da Renske ta haɗa. Kore shar, kamar ciyawa bayan ruwa. Duk tsawon aikinta ba ta taɓa ganin rini ya amsa haka ba. Ta tsaya tana kallo.

Farfesa Sibren, shugaban ɗakin, ya sauko da gudu. Ya girme su a muƙami, sun girme shi a shekaru, kuma mutum ne da ba ya iya ɓoye murna.

"Renske, kin san abin da kika yi kuwa? Yau ɗin nan zan kira mutanen tiyata!"

"Sassauta, Sibren. Sau ɗaya muka gani."

Aka sake, aka kuma sakewa, kullum kore shar. Sai dai wani abu guda. Harmen ya bi tsarinta daki-daki ya haɗa nasa rinin, nasa kuwa ya fito dishi-dishi kamar tocilan da batir ya ƙare wa.

"Babu abin da na tsallake," in ji shi. "Hannu ne kawai. Naki mai albarka ne, nawa kuwa na cin dankali ne."

Ta harare shi, amma gaskiya maganar ta yi mata daɗi har cikin rai. Hannun da ke kunyata ta a gaban kofi, yau ga shi ana yabonsa. Daɗin nan ne ya rufe mata ido. Matar da ke zargin duk abin da ya yi kyau da wuri, wannan karon ta bar shi ya wuce.

A wajenmu kuwa mai sa'a shi ke ciyarwa. Ranar haihuwarka ta zagayo, kai za ka kawo kek. Aikinka ya yi kyau, kai za ka kawo. Lokacin shan kofi ya yi, Harmen ya fara buga teburi da cokali, sauran suka kama masa.

"Ina kek? Ina kek?"

"Mai kirim," in ji Harmen, "babba, mai faffaɗan kwali, da 'ya'yan itace a sama. Kar ki kawo mana rowar Friesland."

"Litinin," in ji Renske. "Ku daina ɓata mana teburi."

Ranar Juma'a da safe ta raka Jildau wankin ƙoda, kamar yadda ta saba. Jildau na kishingiɗe a kujera, tiyo biyu a hannunta, na'ura na juya mata jini, bakinta kuwa bai san da ciwo ba.

"Yaya, fuskarki ta yi wani iri. Ko kin yi dariya ne a hanya?"

"Gyara bargonki."

"Jiya na je binne maƙwabcin nan namu. Aka gama, aka miƙo mana kofi da busasshen kek ɗin nan na makoki, ɗan dogon nan, yanki siriri har kana hango mutum ta cikinsa. Yaya, ranar tawa in kika bari aka raba wa mutane wannan abin, sai na tashi na ba ki kunya."

"Rufe mana baki, Jildau."

Sai kuma ta gaya mata labarin rinin, a taƙaice, yadda take komai. Jildau ta bar wasa. Ta daɗe tana kallon tiyon hannunta.

"Wato in an sake samo min wata, za a iya dubawa kafin a yanka ni?"

"Haka muke fata."

"Kar ki ce min fata. Na ƙoshi da fata. Ce min e."

Renske ta buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Ita kanta ba ta san dalili ba. Ta miƙa hannu ta ja wa ƙanwarta bargo zuwa ƙafa.

Da rana ta koma ɗakin gwaji don ta haɗa rinin da za a kai wa mutanen tiyata. Ranar hannun ya matsa mata. Da ta ɗebo gari da siririn cokalin sai ya zube kafin ta kai bakin kwalba. Ta yi tsaki, ta mayar da shi aljihu, ta jawo wani faffaɗan cokalin roba daga aljihun teburi ta ƙarasa da shi. Harmen ya riga ya tafi, don haka ita ta kai ƙarƙashin madubi da kanta.

Dishi-dishi, daidai da na Harmen.

Abin da ya fara zo mata shi ne albarkar hannun ce ta ƙare. Sai kuma ta ja wa kanta tsaki. Wace albarka? Hannu ba ya shiga kwalba. Me ke shiga kwalba? Ta zaro cokalin ƙarfen daga aljihu, ta je bakin taga ta ɗaga shi. A can bakinsa ga wasu 'yan ramuka baƙaƙe, ƙanana ƙwarai. Sabon rinin yana da ɗan tsami, yana lasar ƙarfen duk lokacin da ta tsoma. Kuma babu mai wannan sana'a da bai san halin ƙarfe ba: in ɗigonsa ya haɗu da ruwan da ke cikin nama, shi ma tartsatsinsa yake bugawa. Ta san haka kamar yadda ta san sunanta. Ita ke gargaɗin sababbin zuwa a kansa. Amma cokalin nan ba ta taɓa lissafa shi a ƙarfe ba, don ya daɗe da zama ɗaya daga cikin yatsunta.

Ba ta tsaya a zato ba. Akwai lafiyayyar ƙodar tunkiya da aka kawo da safe, wadda babu abin da ya same ta. Ta yanko yanki biyu. Ɗaya ta zuba masa rinin da cokalin roba ya ɗebo, ya zauna cikin duhu. Ɗayan ta juya rinin da cokalin ƙarfe sannan ta zuba. Lafiyayyar ƙoda ta yi kore shar, kamar wadda ta gama ƙonewa.

Ashe rinin bai taɓa ganin tartsatsin ƙoda da kirki ba. Na cokalinta yake ta yi wa shela.

Ta zauna a kan kujerar Harmen cikin ɗakin da aka ja wa labule. Zuciya ba ta da kunya, ta raya mata abin da ta raya. Babu wanda ya sani. Ita ke haɗawa, kuma a hannunta yana haske. Ta kawo kek mai kirim ranar Litinin, a yi tafi, kaka ta zo ta tafi gida da mutuncinta, in asiri ya tonu daga baya a ce ai hannun Renske ne babu. Ta bar tunanin ya gama zagayensa. Sai ta hango likitan tiyata ya zuba rinin, ya ga kore, ya girgiza kai ya ce a zubar da wannan. Lafiyayyar ƙoda a kwandon shara, ga wata mace irin Jildau da aka kira ta taho da jakarta, a ce mata ta koma gida. Renske ta miƙe. Ta wanke kwalabenta ɗaya bayan ɗaya, ta kashe madubin.

Ranar Litinin lokacin kofi kowa ya hallara, har waɗanda ba su saba saukowa ba. Harmen ya jera faranti, ya ɗauko babbar wuƙa. Renske ta shigo ta ajiye kwali a tsakiyar teburi. Ba faffaɗa ba ne, ɗan dogo ne siriri. Ta buɗe, ga busasshen kek ɗin makoki.

Harmen ya dubi kek, ya dube ta. "Wa ya mutu?"

"Rinin."

Ta karɓi wuƙar ta fara yankawa siriri-siriri, yadda ake yi. Ta zaro cokalin ta ajiye kusa da kwalin, ta yi musu bayani tiryan-tiryan, ba ta rage komai ba, ba ta kuma nemi a tausaya mata ba. Murya ba ta rawa, hannun ne kawai.

Sibren ya shafa fuska da tafin hannu. "Na riga na gaya wa mutanen tiyata. Suna jiranmu."

"Sai ka sake kiransu. In da nauyi, ba ni wayar."

"A'a, ni zan kira." Ya ɗauki yanki ɗaya ya daɗe yana kallonsa. "Gara da aka gano yanzu, ba bayan an zuba wa ƙodar mutum ba. Amma Renske, kaka ta kusa. Sabon rini shekara yake ci, kin fi ni sani."

"To a fara yau."

Harmen ya gutsiri nasa, ya yi ta tauna kamar mai cin takarda. "Tabɗi! Wannan ko mamacin aka ba ba zai ci ba."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi a gidan makoki, sannan kowa ya cinye rabonsa.

Da yamma ta ja Harmen gaban allo. Tartsatsi iri-iri ne, na ƙarfe daban, na ƙoda daban, tsohon rinin kuwa kowa ya ƙwanƙwasa buɗe masa yake. Ta zana sabo mai makulli, wanda irin na ƙoda ne kaɗai zai buɗe. Ta kuma zana masa jela da za ta ja shi har cikin ɗan murhun da ke cikin kowace ƙwayar nama, don a nan tartsatsin ke tashi, a nan kuma yake mutuwa. Tsohon a waje yake tsayawa, shi ya sa bai ga komai ba.

"Ya yi kyau a allo," in ji Harmen. "Yaushe za ki fara?"

"Kai za ka fara. Ni na daina taɓa kwalba."

"Ni? Mai hannun dankalin?"

"Shi ya sa. Rinin da ya yi aiki a hannunka zai yi a hannun kowa."

"Ji min mata! Zagi ne wannan ko yabo?"

"Sa safar hannu."

Kada ka ɗauka abin ya zo mata da sauƙi. Mace ta yi shekara talatin tana aiki da hannunta, yanzu ta tsaya bayan wani, hannayen a cikin aljihu, tana kallo yana zuba abu da gaggawa. Sau da yawa sai ta ciji leɓe. Wani lokaci ta kasa daurewa.

"A hankali! Miya kake yi?"

"In kin fi ni iyawa, zo karɓi."

"Ba zan karɓa ba. Ɗiga shi ɗigo-ɗigo."

Na farko da suka haɗa ya zama baƙar kwalta a gindin kwalba. Na bayansa ya kashe naman kafin ya ce komai. Wani ya yi kyau har Harmen ya fara rawa, Renske ta zaro cokalin ta juya shi da gangan, ya yi kore a kan lafiyayyar ƙoda, aka zubar. Daga nan ta mai da abin doka: duk sabon rini sai ya fara gaisawa da cokalin. Lokacin hutun bazara ya zo, gari ya watse, kowa ya ɗaura tanti a mota ya nufi kudu neman rana. Harmen ya yanke nasa hutun rabi, matarsa ta yi kwanaki ba ta yi masa magana, shi kuma ya zo ya sauke wa Renske duk mitar.

Ta gaya wa Jildau gaskiya tun a makon farko. Wannan ya fi kek ɗin makoki wuya. Jildau ta saurara har ƙarshe, idonta ya kawo ruwa, ta share da bayan hannu.

"To, da kin ce min e ranar nan, da yanzu na shaƙe ki da tiyon nan." Ta juya fuska wajen taga. "Me kike zaune kina kallona? Tashi ki koma aiki, Yaya."

Ganye ya yi ja ya zube, kaka ta ƙare, rinin bai samu ba. Ranar ritayarta aka yi jawabai, aka ba ta furanni, Sibren ya faɗi abubuwa masu daɗi kuma da gaske yake. Ita biskit kawai ta kawo. Da aka tambaye ta ina kek na bankwana, ta ce ba a kai nan ba. Ta cika allon da zanen rini biyu da ba a gwada ba, ta rubuta a ƙasa kada a goge. Sannan ta cire farar rigar, ta zaro cokalin ta miƙa wa Harmen.

"Duk wanda kuka haɗa, a juya shi da wannan. Kar ka ji tausayinsa."

Harmen ya karɓa. Ya saka shi a aljihun farar rigarsa.

Ta hau kekenta ta nufi gida, iska na tura ta baya. Ta yi kuka a hanya, kuka sosai, don ta so ta fita daga ɗakin nan da abin a hannu. Amma ba ta daina taka keken ba.

Wanda ya ce ritaya hutu ne bai san Renske ba. Kullum da hantsi wayar Harmen sai ta yi ƙara. Wane launi ya ba ka? Ka tace shi? Ka rufe shi daga haske? Ya ce mata ritayarta ta fi aikinta wahalar da shi. Na farkon zanen allon ya faɗi. Ta zauna a teburin kicin ta sake duba na biyun, ta matsar da makullin gefe guda, ta aika masa. Aka shiga hunturu, magudanan ruwa suka daskare, labari ya yi ta zuwa guntu-guntu, daga baya ma Harmen ya fara cewa yana da aiki, zai kira ta, ba ya kira. Ta ɗauka abin ya sake mutuwa ne yana jin nauyin gaya mata.

Wata Laraba da rana, Jildau na zaune a kicin ɗinta tana shan ɗan shayin da likita ya yarda ta sha, aka buga ƙararrawa. Harmen ne, hanci ja wur don sanyi. Ba furanni, ba kwalin alewa, hannu biyu a sake, abin da ba a yi in an zo gidan mutum. Ya zauna, ya gaida Jildau, ya fara labarin ƙanƙarar hanya, ya koma kan gwiwarsa da ke ciwo, ya shiga ƙwallo.

"Harmen," in ji Renske, "in surutu ka kawo, muna da namu."

"Ni ban zo surutu ba. Aiko ni aka yi." Ya zaro cokalin daga aljihun kwat ya ajiye a kan teburi. "Mutanen ɗaki ne suka ce a tambaye ki, wai ina kek ɗinsu."

Renske ta dafa teburi da hannu biyu.

"Lafiyayyar ƙoda?"

"Duhu."

"Da cokalin?"

"Na juya har kafaɗata ta gaji. Duhu ƙirin."

"Wadda ta galabaita fa?"

"Kore shar. Sibren a ƙasa ya zauna."

"Wa ya haɗa?"

"Ni mana, mai hannun dankali. Kuma don na san halinki, shi ya sa na daina ɗaukar wayarki. Mun ba mutanen tiyata tsarin, suka haɗa nasu a can wajensu, da hannunsu da cokulansu, ba mu je ba. Abin da muka gani shi suka gani. Har yanzu dai ƙodar tumaki ce, da saura kafin a kai ga ta mutane, kar ki ce ban faɗa ba."

Renske ta zauna a hankali. Ta ɗauki cokalin tana juya shi, hannun na rawa, ba ta ɓoye shi ba. Daɗi ya cika ta.

Jildau ta ajiye kofinta. Babu wasa a muryarta.

"Yaya. Yanzu fa?"

Renske ta dubi ƙanwarta, ta dubi tabon allurai a hannunta. "Da sauran tafiya, kin ji abin da ya ce."

"Na ji. Ba shi na tambaya ba."

"E," in ji Renske. "Za a iya dubawa."

Jildau ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta na girgiza, ba ka iya cewa kuka ne ko dariya. Harmen ya ga ya kamata ya duba wani abu a bakin taga.

Renske ta tura masa cokalin. "Mayar da shi inda ka ɗauko, aikinsa bai ƙare ba." Ta miƙe ta ɗauki kwat ɗinta da makullin keke.

"Ina kuma za ki cikin wannan sanyi?" in ji Harmen.

"Ba kek aka aiko ka tambaya ba?"

"Mai kirim!" Jildau ta ɗaga murya daga bayan hannayenta. "Kuma a rage min yanki, ko likita zai yi faɗa!"

A gidan burodi Renske ta nuna wanda ya fi kowanne faɗi, mai 'ya'yan itace a sama. Aka sa mata a kwali, ta ɗauka da hannu biyu, kwalin na rawa. Harmen ya miƙo hannu zai karɓa, ta ɗaga masa gira, ya mayar da hannunsa aljihu. Ita ta ɗaure shi a bayan keken da kanta.